Khal ɗin zuma a gida: abin da za ka saya, inda za ka samu, da abin da za ka bari a kasuwa

Idan aka tsinka zuma da ruwa aka ajiye a wuri mai ɗumi, aiki biyu ne ke biyo juna. Da farko yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, abin da Habashawa ke kira tej, suna sa masa ganyen gesho, mutanen Turai kuma suna da tasu giyar zumar tun zamanin da. Idan aka bar iska tana shiga, sai wasu bakteriya da ake kira Acetobacter su cinye barasar su mayar da ita tsami. Wannan tsamin shi ne khal. Duk khal na gaskiya ta wannan hanya yake biyowa, har da khal tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci. Louis Pasteur ne ya bayyana aikin waɗannan bakteriya a shekarun 1860, amma mutanen garin Orleyan na Faransa sun daɗe kafin nan suna yin khal a ganga mai ƙofofin iska.

Gara a faɗi maganar addini tun yanzu. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, akwai kuma wanda ya hana a ɗauki giya a mayar da ita khal da gangan, kuma mazhabobi sun saɓa a kan fahimtar na biyun. Shi ya sa wasu malamai suka ce a zuba khal a cikin ruwan tun farko, kafin ya fara kumfa. Hanyar da zan bayar haka take. Amma kada in ɓoye maka, tun makonni biyun farko barasa tana samuwa a cikin bokitin, bakteriyar ce ke bin ta tana cinyewa har ta ƙare. Ba abin sha ba ne a wannan tsakanin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya kashe ko kwabo.

Za mu yi lissafi a kan lita 4. Ya ishi gida ɗaya na tsawon watanni, kuma idan ya lalace ba a yi asarar da za a yi kuka ba.

Mataki na farko: zuma

Nan ne kuɗinka zai tafi, nan ne kuma ake yin cuta. Kana buƙatar giram 600. Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai kilo 1.4, don haka gorar rabin lita cike tana ɗauke da kusan giram 700. Ka sayi wannan, za a rage maka na shayi.

Wannan nauyin shi ne gwaji na farko da za ka iya yi da kanka. Ka auna gorar da zumarta, ka cire nauyin robar. Idan rabin lita bai kai giram 650 ba, ruwa ya yi yawa a ciki, ko dai an ƙara mata, ko an ciro ta kafin ta nuna. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta Codex ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Sai dai sikeli ba ya kama wanda ya dafa sukari ko mazarƙwaila har ta yi kauri ya gauraya, domin nauyinsu kusan ɗaya ne.

Gwaje-gwajen da ake yi a bakin tasha kuwa, ka bar su a matsayin wasa. A tsoma ashana a ƙyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, a zuba a ƙasa a ga ko za ta dunƙule, a ce tururuwa ba ta bin zuma ta gaskiya. Duk kauri suke aunawa, kuma narkakken sukari mai kauri yana cin kowannensu. Tururuwa kuma tana shan zuma kamar yadda take shan komai mai zaƙi. Haka nan zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki a gindin gora, mutane da yawa suna mayar wa mai ita suna cewa sukari ce. Ba haka ba ne. Gulukos ɗin da ke cikin zumar ne ke daskarewa, musamman da hunturu, kuma ɗan ruwan ɗumi yana narkar da shi.

To me ya rage? Sanin hannun da zumar ta fito. Mafi aminci shi ne ka saya wurin mai amya, kuma ka saye ta da saƙarta, ka matse da kanka. Idan ka ga ramukan saƙar a rufe da kaki, ƙudan ya gama aikinsa, zumar ta nuna. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara ne aka fi cin zuma a ƙasar Hausa, lokacin ne take da yawa a kasuwannin ƙauye kuma farashinta ke sauka. Kudancin Kaduna, Taraba da Adamawa sun yi suna da ita, haka ma yankin Gaundare a Kamaru da wajen Gaya a Nijar. Amma sunan gari a bakin mai talla ba shaida ba ne, kowa na iya cewa tasa daga Mambila take. Idan ba ka da hanyar ƙauye, nemi mai sayarwa da ke da shago tsayayye wanda za ka iya komawa gobe ka same shi, ko zumar kamfani mai lambar NAFDAC. Da ɗan gari akan ci gari: direban motar kasuwa da ke bin hanyar Kachiya ko Jalingo kullum ya fi allon talla amfani.

Tambayoyi uku za ka yi wa mai ita. “Baba, yaushe aka ciro ta?” “Matse ta aka yi ko dafa saƙar aka yi?” “Da hayaƙi aka ci, ko an fesa wani abu?” Ta biyun tana da muhimmanci domin wasu sukan ɗora saƙar a wuta don kakin ya narke ya taso, sai zumar ta yi baƙi ta ɗauki ɗanɗanon ƙauri, kuma wannan ƙaurin zai bi ka har cikin kwalbar khal. Ɗan ƙamshin hayaƙi ba laifi, wasu ma suna son sa. Ta ukun kuwa ba a sassauci a kanta. Zumar da aka kashe ƙudanta da maganin ƙwari ba ta shiga abinci.

Ga wani sauƙi da mai yin khal yake da shi wanda mai ajiyar zuma ba shi da shi. Zuma mai ruwa-ruwa, wadda ta fara kumfa a wuyan gora tana ɗan tsami, masu saye suna gudunta, don haka tana araha. A wurinka ba aibi ba ne, aikin da za ka sa ta ne ta riga ta fara da kanta. Sai dai ka ƙara yawanta kaɗan, giram 700 maimakon 600. Haka ma zumar da aka matse da hannu, mai duhu-duhu saboda garin fure da ya shiga cikinta, ta fi tatacciyar zumar kanti mai sheƙi saurin aiki. Dalili shi ne zuma kusan sukari ce zalla, ba ta da sinadarin naitirojin da yis ke buƙata, garin furen ne ke ɗan cike wannan giɓi. Ka tace ta da rariya don fitar da matattun ƙuda da toka, shi ke nan.

Mataki na biyu: ruwa

Abin gudu ɗaya ne, kulorin. An sa shi ne don ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambanta su da waɗanda kake son rayawa. Ruwan famfo, na rijiya ko na burtsatse, ka tafasa lita 4 ka rufe ya huce. Ruwan gora na kamfani ya yi ba sai an tafasa ba. Ruwan leda ya danganta da wanda ya yi shi, idan ka ji ƙanshin magani a tafasa. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa a bar shi, zai dakushe tsamin.

Mataki na uku: yis da abincinsa

Masu yin giyar zuma a Turai da Amurka suna sayen yis na musamman a ƙananan fakiti na giram 5, irin su Lalvin EC-1118 ko D47. Idan kana da mai kawo maka, to. Idan babu, yis ɗin burodi da na fanke, kamar Saf-instant da ke kowane shagon kayan fulawa, jinsinsu ɗaya ne, Saccharomyces cerevisiae, kuma don khal ya wadatar. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi lita 4. Ka sayi ƙulli sabo a rufe. Wanda ake ɗiba daga buɗaɗɗen fakiti a ƙulla a leda sau da yawa ya riga ya mutu da zafi. Gwada shi ba wuya: ɗan ruwan ɗumi, ɗan zuma, rabin cokali na yis. Idan bayan minti 15 bai yi kumfa ba, a zubar.

Don abincin yis, a waje ana sayar da hoda iri-iri. Kai ka ɗebi babban cokali ɗaya na wannan yis ɗin dai, ka tafasa shi a rabin kofin ruwa na minti 5, ya huce. Mataccen yis abinci ne ga mai rai. Za ka ji ana cewa a jefa zabibi. Ba ya cutarwa, amma abin da yake bayarwa kaɗan ne.

Mataki na huɗu: khal mai rai

Bayan zuma, wannan ne abin da ya fi cancantar kuɗinka. Bakteriyar khal tana yawo a iska da jikin ƙananan ƙudaje, kuma idan ka jira za ta zo da kanta, amma kafin ta zo funfuna na iya riga ta. Gara ka kawo ta da yawa tun farko.

Abin da kake nema shi ne khal ɗin da ba a dafa ba, ba a tace ba. Ka ɗaga kwalbar ka kalli haske. Idan ka ga gurɓi-gurɓi, da wani abu kamar zare ko yana yana yawo a gindi, wannan ita ce uwar khal, kuma ita kake so. Bragg shi ne sunan da aka fi sani, ana samunsa a manyan kantuna da shagunan magani a kwalbar mililita 473, kuma kwalba ɗaya ta isa. Ka duba hatimin murfi da ranar ƙarewa, domin kaya mai suna ba ya rasa jabu. Farin khal mai haske kamar ruwa, wanda ake wanke latas da shi, ba shi da rai. Yawancin khal tuffa mai launin shayi garau shi ma an dafa shi. Zai sa tsami, amma ba zai haifi komai ba. Idan kuwa ka san wata da ke yin khal a gida, ki roƙe ta ko ka roƙe ta yankin uwar da kofi biyu na ruwanta, ya fi na kanti ƙarfi.

Mataki na biyar: mazubi

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta masu giya. Su suna neman tulun gilashi mai ƙaramin baki da makullin iska a kai, don kada iska ta shiga. Kai akasin haka kake so: baki mai faɗi, ruwa marar zurfi, iska a wadace. Don haka kada wani ya sayar maka da makullin iska ko bututun zuƙo. Bokitin lita 10 wanda ruwan zai tsaya ƙasa da rabinsa ya fi komai dacewa, ko manyan kwalaben bama a raba musu.

Gilashi ne sarki. Bayansa sai farar robar abinci. Ka juya gindin bokitin, za ka ga alamar kusurwa uku da lamba a ciki, ka nemi 2 ko 5. Sabo ya fi, ko wanda abinci kaɗai ya taɓa zama a ciki. Bokitin fenti, jarkar fetur, robar maganin feshi, komai wankin da aka yi musu, ba su shiga wannan aiki. Baƙar roba da ake yi da narkakkun tsofaffin robobi ita ma a'a. Jarkar man gyaɗa bakinta ya yi ƙanƙanta, kuma maiƙonta ba ya fita duka.

Ƙarfe kuwa, khal yana cin sa. Tukunyar alminiyam, musamman wadda maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa, da bokitin kwano, da tagulla, da kwanon samira da fentinsa ya ɓare, duk suna sakin ƙarfensu a cikin tsami, wani ma da gubar dalma. Ƙarfe marar tsatsa, irin na cokula masu kyau, shi kaɗai aka yarda da shi, shi ma don motsawa da ɗumamawa. Randar ƙasa tana tsotse ruwan tana kuma riƙe wari, ba ta dace da mai koyo ba.

Murfinka ƙyalle ne. Rabin yadi na farin alawayyo ko akoko, a wanke shi sosai don sitacin ya fita, a ninka biyu, a ɗaure bakin bokitin da roba ko igiya tam. Kada ka yi amfani da gidan sauro ko abin tatar koko mai manyan ƙofofi. Ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro suna jin ƙanshin khal daga nesa, suna ratsa gidan sauro, kuma idan suka yi ƙwai a ciki aiki ya ɓaci.

Sauran ƙananan kaya: sikelin kicin mai batir, mazurarin roba, doguwar muciya ko ludayin roba sabo wanda bai taɓa miya ba, da kwalaben zubawa masu murfin roba. Murfin ƙarfe yana tsatsa cikin 'yan makonni. Haidiromita, wato ma'aunin gilashi da ke yawo a ruwa yana nuna yawan sukari, tana da amfani idan ka fara yin da yawa, kuma haɗinmu zai nuna kusan 1.045 a ranar farko. A karon farko sikeli ya ishe ka. Takardar gwajin tsami ta pH, da ake samu wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu, ba ta da tsada. Khal da ya nuna yakan sauka kusa da 3.

Mataki na shida: wanki

Sabulu, ɗauraya sosai, sannan ruwan zafi. Kwalbar gilashi a fara ɗumama ta da ruwa mai ɗumi kafin a zuba tafasasshe, in ba haka ba ta tsage. Ƙwayar Milton da ake wanke bulunbotin jarirai da ita ta yi, amma a ɗauraye da tafasasshen ruwa bayanta. Idan da bilic ka yi wanki, irin Hypo ko Jik, ka tabbata babu ɗigonsa da ya rage. Bilic da khal idan suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai guba. Kada a ajiye su ma kusa da juna a inda yara ke kaiwa.

Mataki na bakwai: haɗawa da jira

Ka narkar da zuma giram 600 a lita ɗaya na ruwa mai ɗumi. Kada ka tafasa ta, ƙamshinta ne zai gudu. Ka juye a bokiti, ka ƙara ruwa har jimilla ta kai lita 4. Wannan ma'auni ba na son rai ba ne. Kusan giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, ita kuma ta koma kusan kashi 1 na tsami. Giram 150 na zuma a kowace lita, wato kusan giram 120 na sukari, a lissafi kashi 7 ne, amma da yake wani yana tashi a iska, zai kai ka kusa da kashi 5, wanda shi ne ƙarfin khal na kanti. Idan ka ninka zumar don neman ƙarfi, barasar za ta fi ƙarfin bakteriyar, aikin ya tsaya a inda ba ka so.

Idan ruwan ya huce ya zama kamar ɗumin jiki ko ƙasa da haka, ka zuba dafaffen yis, da mililita 150 na khal mai rai, sannan ƙaramin cokali na yis mai rai. Ka motsa da ƙarfi, ka ɗaure ƙyalle. Sauran khal ɗin ka ajiye shi, domin idan ka juye duka yanzu tsamin zai shaƙe yis ɗin kafin ya fara. Cikin kwana ɗaya ko biyu za ka ji yana ƙaramar tafasa. Ka motsa sau ɗaya a rana. Bayan kwana 7 zuwa 10 kumfar za ta lafa, sai ka juye sauran khal ɗin duka, ka mayar da ƙyalle, kuma daga ranar ka daina taɓa shi. Uwar tana shimfiɗuwa ne a saman ruwa inda iska take, idan aka girgiza ta nutse sai an sake sabuwa.

Wurin ajiya ya zama mai duhu, mai iska, nesa da rana. Bakteriyar ta fi son zafin digiri 25 zuwa 30. Zafin Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maradi ya wuce mata, a lokacin sai a nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, a ajiye a ƙasa kusa da randa. Da hunturu aikin yana jan ƙafa, kuma ƙura tana toshe ƙyalle, sai a riƙa canza shi. Damina ce ta fi sauƙi ga mai farawa. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana, warin makonnin tsakiya yana da kaifi kamar na abin goge farce, daga baya ya wuce.

Fata mai santsi, fara ko ruwan toka, mai kama da yauƙi daskararre, ita ce uwa, alamar lafiya ce. Abu mai gashi-gashi, kore ko baƙi ko shuɗi, a bushe a saman ruwa, funfuna ce, a zubar da komai a wanke bokiti a sake.

Daga mako na huɗu ka fara ɗanɗanawa da cokali mai tsabta daga gefe. Yawanci tsakanin mako 4 zuwa 8 yake kaiwa. Idan tsamin ya kama maƙogwaro, warin barasa ya ɓace gaba ɗaya, ya yi. Kada ka bar shi a buɗe bayan haka, domin idan barasa ta ƙare bakteriyar tana juyowa kan tsamin da ta yi ta cinye shi, ya koma salam. Ka tace da ƙyalle, ka cika kwalabe har wuya, ka rufe. Idan har yanzu akwai ɗan zaƙi a ciki, ka ɗumama shi a tukunyar ƙarfe marar tsatsa zuwa kusan digiri 65 na minti 10 kafin zubawa, don kada sauran yis ya farka ya kumbura kwalba.

Khal na gida ya yi wa kwaɗo, salak, jiƙa nama da wanke ganye. Amma tun da ba ka auna ƙarfinsa daidai ba, kada ka dogara da shi wajen adana kayan lambu na watanni a kwalba, wannan aikin na khal ɗin kanti ne mai rubutaccen kashi 5. Kafin ka ɗumama, ka ware uwar da kofi biyu na ɗanyen khal a kwalba daban, ka rufe da ƙyalle. Su ne za su maye gurbin kwalbar kanti a zagaye na gaba, a raba su kamar yadda aka raba na farko: kashi ɗaya cikin uku a ranar haɗi, sauran bayan kumfa ta lafa.